Igiyar Jirgi da Gonar Mika

Zuru,
16 ga Satumba, 1956.

Zuwa ga jikana Japhet, a Ikko.

Kafin gaisuwa ma, ga kacici-kacici, tunda an ce yanzu ka zama mai ilimi har kana rubuta wa surukinka Turanci. Gona ta uban yarinya ce, rabon noma na saurayi ne. Saurayi yana can bakin teku. Abokansa ba su taɓa ba, mazan gidansu ba su taɓa ba, mai gona ma bai taɓa ba, amma ko tsinken ciyawa babu a wurin. Wa ya nome? Kada ka juya takarda ka leƙa ƙarshe, na san halinka tun kana ɗaga murfin tukunya idan uwarka ta ba da baya. In ka kasa sai ka ba ni gari, kuma ba na karɓar Danko ko Bena, Ikko nake so da jiragenta duka.

To, yanzu gaisuwa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, maigidan nan nawa da ya tsere ya bar ni da tsufa. Yau Lahadi, mun taso daga sujada, na zauna a inuwar rumbu ina rubuta maka. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka da ƙafafunka a kan busasshiyar ƙasa, cikinka a ƙoshe, kanka ba ya juyawa. Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya yi mana kirki bana, an fara yankan gero, dawa kuma ta yi ciki. Ubanka Solomon yana nan ƙalau, ya sake rufin ɗakina kafin ruwa ya yi ƙarfi, yanzu ba na kwana da ƙwarya a gefen gado. Uwarka Monica ta yi zazzaɓi na kwana huɗu ta warke. Ƙanwarka Saloma ta sauka lafiya, namiji ne, ya zo da kunnuwa irin naka, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukar su. Bargon da ka aiko ya iso, ina lulluɓa da shi, kuma duk tsohuwar da ta zo taɓa shi sai na ce mijina ne ya aiko daga teku. Ni dai gwiwar hagu ce ke damuna. Ta fi kowa sanin ranar da za a yi ruwa, kuma saboda ita na daina zuwa kasuwa tun farkon damina.

Ka san abin da ya sa na ɗauki fensir. Damina shida ka yi kana golmo, noman neman aure, a gonar Mika saboda ɗiyarsa Theresa, kai da samarin ƙungiyarku, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Saura damina ɗaya tak a cike bakwai a ba ka matarka, sai ka ce za ka je cin rani Ikko ka dawo da ruwan farko. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, aka yi shuka, ba ka zo ba. Sai saƙo cewa ka sami aiki a jirgin ruwa, jirgin ya yi Fatakwal, kyaftin bai ba ka hutu ba. Ni ban ce ƙarya ka yi ba. Amma Mika bai san kyaftin ba, garma ya sani.

Uwarka ta aika maka cewa ran Mika ya ɓaci, amma ba ta gaya maka abin da ya yi ba, don kada hankalinka ya tashi a kan ruwa. Ni zan gaya maka. Ranar da 'yan golmo suka zo noman farko, kafin kowa ya sunkuya, ya taka kunyoyi goma sha biyu a gefen gonar da ke bakin hanya, inda mata ke bi zuwa rafi, inda kowa ke bi zuwa coci. Ya kafa sanda a nan, ya kafa a can, ya ce wannan rabon Japhet ne, kada wani saurayi ya sa masa fartanya. Da yamma ya kira ubanka da ƙannen ubanka gaban dattawa a gindin ɗorawa, ya ce su ma ya hana su. Ya ce shi ba ya son faɗa, gona za ta yanke shari'a. Idan rabon nan ya ba da ko dami ɗaya na dawa, zai jira ka har girbi. Idan ciyawa ta cinye shi, damina shida ta tafi, magana ta ƙare, ɗiyarsa ba ta da saurayi. Dattawa suka ce sun shaida. Ya faɗa ne da kwanciyar hankali, don ya san dawar da ba a nome ba ba ta haihuwa.

Haka aka nome gona duka aka bar naka. Cikin mako biyu harkiya da tofa suka tashi suka rufe shukar, duk mai wucewa sai ya juya ya duba. Uwarka ta daina bin hanyar, ta riƙa zagayawa ta bayan dutse da tulu a ka.

Ana cikin haka takardarka ta iso wa Mika. Malamin makaranta ya karanta masa, ni ina wurin, don ka san ba a buɗe takarda a unguwar nan ba da ni ba. Gaisuwarka ta yi kyau, ban haƙurinka ma ya yi kyau. Sai can ƙasa, bayan ka gama Hausarka lafiya, ka liƙa layi ɗaya na Turanci. Na karɓi takardar na kwafe shi harafi harafi, ga shi: I will not cut and run. Malam mutum ne mai gaskiya. Ya ce kalmomin ya san su ɗaya bayan ɗaya, akwai yanka a ciki, akwai gudu, kuma ka ce ba za ka yi ba, amma wannan irin maganar mutanen jirgi ce, shi kuwa ruwan da ya taɓa hayewa bai wuce gulbi ba. Ya ce a je wurin Saje Haggai, wanda ya yi sati shida a kan teku lokacin da aka kai su yaƙin Bama. Kai ma Japhet, me ya kai ka? Mutum yana fushi da kai, ka rubuta masa abin da sai an ɗauke shi an kai gidan wani kafin ya ji?

Muka ɗunguma gidan Haggai da la'asar, ni da Mika da ubanka, Haladu maƙeri ma ya bar zuga ya biyo mu, da wasu da ba a gayyata ba. Ka san Haggai, shekara goma yana jira a tambaye shi wani abu game da teku. Sai da ya fara shiga ɗaki ya sa hularsa ta soja. Ya fito ya zaunar da Mika a kan benci a tsakar gida, ya ce daga yanzu kai ne jirgi. Mika ya ce shi ba jirgi ba ne, shi manomi ne. Haggai ya ce jirgi ba ya magana. Ya ɗauko igiyar gugan matarsa Margaret, sabuwa fil, ya ɗaure baki ɗaya a ƙafar benci, ɗaya bakin ya ɗaure dutsen niƙa, ya jawo dutsen har bakin zaure.

Ga abin da ya bayyana mana, kai da kake cikin jirgi sai ka gaya mani in ya ƙara gishiri. Ya ce a teku babu itace babu turke, ba inda za ka ɗaure jirgi kamar yadda ake ɗaure akuya. Don haka kowane jirgi yana tafe da turkensa, wata ƙatuwar ƙugiya ta ƙarfe mai haƙora biyu, suna ce mata anka. Idan ana so a tsaya sai a jefa ta, ta nutse har ƙasa ta kama laka, jirgi ya tsaya. Ya ce jirgin da ya kai su Indiya da sarƙa ake ɗaure tasa, inji ke jawo ta. Amma a zamanin kakannin Turawa, lokacin da iska ke tura jirgi da manyan ƙyallaye, igiya ce, kaurinta ya kai cinyar ƙato, kuma kafin a jawo ƙarfen sama sai maza arba'in sun yi rabin hantsi suna nishi. To, idan jirgi yana tsaye sai ga abokan gaba, ko ga hadari yana tura shi kan duwatsu, ina lokacin jawo ƙarfe? Sai kyaftin ya ce a kawo gatari. Yana faɗin haka ya zaro adda ya sare igiyar gugan, ya ce wa Mika, gudu, jirgi, gudu! Mika bai motsa ba. Margaret ce ta motsa, ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta ce Saje, in dai a Bama haka kuka yi wa igiyar mutane ai gara da aka dawo da ku. Ranar na yi dariya har gwiwar ta manta da ni.

Da aka natsu, Haggai ya ce wani ma'aikacin jirgi mutumin Saliyo ne ya ba shi asalin maganar, a kan hanyarsu ta dawowa. Ya ce yanzu Turawa sun fito da ita kan tudu, suna faɗa wa duk wanda wuya ta zo masa ya saki abin da ke riƙe da shi ya ranta a na kare, ko abokin aiki ne ya bari, ko mata, ko alkawari. Ba gudu kawai ba ne, gudu ne da barin wani abu a baya wanda ba za ka komo ka ɗauka ba. Ya ce yawanci zargi ne, ba yabo ba. Amma ya ce akwai ranar da hafsansu ya faɗe ta a bakin wani kogi a Bama, suka zubar da kaya duka suka haye da rayukansu, kuma da ba su yi haka ba da yau ba mai sare wa Margaret igiya. Ya ce saboda haka shi ba ya saurin zagin wanda ya yanke, sai ya ji abin da ya biyo shi. Game da kai kuwa, ya ce abin da yaro yake nufi shi ne, ko da wuya ta yi wuya ba zai saki maganar Theresa ya tsere ba, kuma a bakin mutanen jirgi wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Duk wannan bayani Haladu maƙeri bai ji rabinsa ba, hankalinsa yana kan dutsen niƙan da aka bari a bakin zaure. Ya ce Saje, shi ƙarfen fa? Haggai ya ce yana can ƙarƙashin teku. Ya ce nauyinsa fa? Haggai ya ce bijimi uku. Haladu ya cire hula ya riƙe kai. Ya ce bijimi uku na ƙarfe, ai garmar da za ta fita a ciki ta ishi Zuru da Sakaba har jikoki. Ya ce ba mai komawa ya ɗauko? Haggai ya ce babu. Ya ce to a daidai ina ne? Har muka tashi yana cewa shi duk labarin yaƙi da ya taɓa ji bai kai wannan ban tausayi ba. Ya ce in gaya maka, idan ka ga ɗaya a yashe, ko haƙori ɗaya ne ka karyo masa.

Mika ya sauka daga benci ya kaɗe rigarsa. Ya ce ya ji, kuma ya gode wa Saje. Yaro ya ce ba zai yanke ba, madalla. Amma shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin igiyar da ta kai daga nan zuwa Ikko ba, kuma Turanci ba ya cire tofa. Maganarsa ta gindin ɗorawa tana nan.

Theresa ta zo tun ana tsakiyar bayani, uwarta ta aiko ta ta kira ubanta cin tuwo, ta tsaya a bayan mata tana saurare. Sai da kowa ya miƙe ta durƙusa ta ce, Baba Saje, ina da tambaya. Ya ce yi, ɗiyata. Ta ce shi ƙarfen, idan ba a yanke igiyar ba, a ina yake zama? Haggai ya ce a ƙasa mana, cikin laka, ai aikinsa ke nan. Ta ce jirgin kuma yana sama yana shan iska? Ya ce haka ne. Ta ce to, na gode, ta tashi ta bi bayan ubanta. Ba wanda ya yi dariya. Ubanka ya sunkuyar da kai har muka iso gida. Ni kuwa, in gaya maka gaskiya, da kana kusa ranar da ka sha muciyar da Haggai ya tsallake.

Bayan kwana biyar aka ci kasuwa. Unguwa ta watse kamar kullum, Mika ya ɗauki kajinsa ya tafi, shi da ba ya fashin kasuwa ko ana ruwan ƙanƙara. Da yamma masu dawowa suka tsaya cirko-cirko a bakin hanya. Kunyoyi biyar daga cikin goma sha biyun nan an nome su tas, an tara ciyawar a gefe, an tallafa wa kowace shuka da ƙasa. Mika ya kira 'yan golmo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawo wanda ya gan shi a kasuwa. Ya kira ubanka, ubanka ya ce tare muka tafi, tare muka dawo, har kazarka na riƙe maka. Ya riƙa sammako yana zuwa gona tun raɓa ba ta bushe ba, yana komawa da yamma, bai kama kowa ba. Kasuwa ta zagayo, ya ce ai mai yi ba zai kuskura ya sake ba, ya ɗauki kajinsa. Ya dawo ya tarar da sauran bakwai ɗin an gama. Dawar ta yi rawaya ta rame, amma ba ta mutu ba, ruwa biyu ta sha ta miƙe.

Sai ya zauna ya yi lissafin wanda ba ya zuwa kasuwa a unguwar nan, lissafi ya faɗo kaina. Na hango shi tun daga nesa yana tahowa da sauri, na san abin da ya kawo shi. Na jawo tsumma na ɗaure ƙugu, na kwanta a tabarma ina nishi kamar wadda ta ɗauki rumbu. Ya yi sallama ya durƙusa, don ka san ni da marigayiya uwarsa tare muka yi 'yanmatanci, na goye shi ba sau ɗaya ba, ya jiƙa mani zane ba sau ɗaya ba. Ya ce Inna Keziah, sannu da jiki. Na ce yauwa Mika, baya ne, sunkuyo ba na tsofaffi ba ne. Ya ce Inna, don Allah ke ce? Na ce ni ce me? Ya ce kin san abin da nake nufi. Na ce Mika, ranar gindin ɗorawa ina zaune a baya, kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki. Na ji ka hana samari, na ji ka hana mazan gidanmu. Ka ambaci mata? Ya ce Inna, tun da aka kafa duniya an taɓa jin mace ta yi golmo? Na ce ba a taɓa ba, shi ya sa ba ka hana ba. Ya ce yanzu ke da furfurarki za ki nemi auren ɗiyata? Na ce in ka ba ni ina so, ta iya tuwo, kuma ni ba zan tafi Ikko ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa. Ka lura, ban ce masa ni ce ba, ban kuma ce ba ni ba ce. Faston ma da ya tambaye ni, abin da na ce masa ke nan, ya ce Mama Keziah, ke dai Allah ya shirye ki.

Mika ya kai ƙara wurin dattawa, suka ce sun tuna maganarsa kalma kalma, babu mace a ciki, kuma shi ya ce gona ta yanke shari'a. Ya haƙura. Da lokacin maimai, noma na biyu, ya zo bai ko tanka ba, ranar kasuwa aka yi shi, ya dawo ya gani ya wuce. Yanzu duk garin nan ana kirana saurayin Theresa. Abokanka 'yan golmo idan sun wuce ƙofar gida sai su ɗaga fartanya su gaishe ni, suna cewa in shirya, bana ni za su tura kokawa a bikin Uhola na bayan girbi. Na ce su kawo wanda suka fi ƙi in fara da shi.

To, maigida, dariya ta ƙare, ka gyara zama. Dawar rabonka ta yi ciki kamar sauran, in Allah ya kiyaye ta daga tsuntsu za ta ba da fiye da dami ɗaya. Abin da aka samo maka lokaci ne kawai, ba mata ba. Mika ya ce zai jira har girbi kamar yadda ya faɗa, wato ƙarshen Nuwamba. Amma wannan karon ya gyara bakinsa, ya ambaci maza da mata da tsofaffi da yara, har Haladu ya ce ya manta da jakuna. Ya ce kai da hannunka za ka yanke dawar nan, ka ɗaure damin, ka ɗauko shi a ka har ƙofar gidansa, a gaban mutane. Ba takarda, ba bargo, ba wakili. In ka yi haka ya karɓa a matsayin damina ta bakwai. In aka gama girbi ba ka zo ba, zai sa a yanke ya ba awaki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda Mika ma bai gama sani ba. Baturiyar asibitin mishan ta ga yadda Theresa ke karatu da yadda take riƙe marasa lafiya in ta je taimako, ta ce tana so ta tura ta koyon aikin jinya bayan Kirsimeti, shekara uku. Yarinyar ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, ta ce za ta ba da amsa bayan girbi. Ta zo nan shekaranjiya ta taya ni tsinkar yakuwa, na ce mata zan rubuta maka, ko tana da saƙo. Ta gama tsinke reshen da ke hannunta. Sannan ta ce, Kaka, ki ce masa na ji Turancin, an fassara mani da kyau. Ki ce masa ni ba ƙarfe ba ce, ina da ƙafafu. Na ce shi ke nan? Ta ce ki ce masa kuma ya riƙa cin abinci. Ga shi na isar, duka biyun.

Ni ga abin da na gani, da ɗan hankalin da tsufa ya bar mani. Yanzu a wuri biyu kake ɗaure, can da nan. Ban ce aikin jirgi banza ne ba. Samarin garin nan duk soja suke tafiya, kai ka sami hanyar da ba a harbi, ina murna da haka. Ka je wurin kyaftin ɗinka tun yanzu, kada ka bari sai Nuwamba ta shigo, ka gaya masa kana bukatar sati uku. Ka gaya masa da irin maganarsu, tunda ka iya ta, a can ne take da amfani. Wataƙila shi ma yana da wadda ke jiransa a wani gari. In ya ba ka, madalla, ka zo ka yi girbi, a ɗaura magana, sauran ku shirya tsakaninku, ko ta bi ka ko ka dawo. In ya hana, to gatari yana hannunka, kai za ka zaɓi igiyar da za ka sara, ba mai zaɓar maka. Abu ɗaya na roƙe ka. Idan ka duba zuciyarka ka ga teku ta riga ta cinye ta, ka rubuto ka faɗa da Hausa, a fili, kafin girbi. Haggai ya ce shi ba ya saurin zagin wanda ya yanke, ni ma ba zan zage ka ba, ko na zaga ba zai wuce sati ba. Abin da ba zan yafe ba shi ne ka ce ba ka yanke ba, kuma ba ka zo ba, yarinya ta rasa miji ta rasa karatu. In ta kai ga haka, ni da gwiwar nan zan ɗauki akwatinta in kai ta bakin mota.

In za ka zo, ka sauka daga jirgin ƙasa a Zungeru, ka nemi motar Kontagora, daga nan ba ka rasa ta Zuru, hanya ta bushe a lokacin. Kada ka zo mana da takalmin Ikko ka ce za ka shiga gona da shi, karan dawa bai san ɗan birni ba. Kada kuma ka tsaya sayen tsaraba har mota ta tafi, ba mai jiran sabulu a nan.

Ubanka da uwarka suna gaishe ka, uwarka ta ce ka riƙa rufe ƙirji in kana kan ruwa. Saloma da jaririnta suna gaisuwa. Saje Haggai ya ce a gaishe da ɗan'uwansa na teku, Margaret ta ce in ana zubar da igiya a jirginku ka tuna da ita. Mairama mai nono kullum sai ta tambaya ina mai shanye mata ƙwarya. Ka gaishe mani da Adama matar mai gidan da kake zaune, ka ce na gode da riƙon da take yi maka, da duk 'yan Zuru da ke bariki a can. Allah ya tsare ka a kan ruwa da kan tudu, ya ba ka zuciyar yin abin da ya kamata, ya nuna mani fuskarka kafin in manta da girman kunnuwan.

Ni ce tsohuwar matarka da ba ta gajiya da kai,
Kakarka Keziah.

Na san tun tsakiyar takarda ka ce ka gane, Kaka ce. To ka kasa, kawo Ikko. Ni rabona da sunkuyawa a gona shekara huɗu. Theresa ce ta nome. Da fartanyarka ta yi, tana ɗauka a bayan rumbuna ranar kasuwa, tana tsammanin barci nake yi, ta wanke ta mayar kafin mutane su dawo.